Kwangilar da Kawu Mappiasse Ya Ci

Nunukan, 2 ga Maris, 2004

Zuwa ga Kawu Mappiasse,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Inna Kebo, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Mu nan lafiya, sai 'yata Ulfa da ta yi mura ta warke. Babanta yana can Tawau, ƙetaren iyaka, a gonar kwakwar manja, wata bakwai ke nan bai leƙo ba.

Kawu, shagon ɗinkina ya kai inda ko dai ya tashi ko in rufe shi. Tun bayan sallah ni da matan nan uku masu taya ni ɗinki muke zaune muna kallon kekuna. To ga wata ƙofa Allah ya buɗe. Ƙaramin asibitin gwamnati na gundumarmu ya gina sabon ɗakin haihuwa, suna son zanen gado ɗari, rigar matashi ɗari da labule ashirin da huɗu. Pak Jufri, mai kula da sayayyarsu, ya ce aikin nawa ne. In na yi shi, za a ba shagona takardar shaidar ya taɓa yi wa gwamnati aiki. Da wannan takardar ake shiga neman ɗinkin kayan ma'aikatan jinya na gunduma duka a ƙarshen shekara. Wanda ba shi da ita ko zama ba a ba shi.

Sai dai dokarsu ta ce sai an ga takardar farashi daga kamfani uku. Ban da tawa, na samu ɗaya wurin Haji Beddu mai kantin yadi, saura ɗaya. Na tuna kamfaninka Farin Alli yana da rajista. Ga takardar gayyatar asibitin na sa a ciki, ga kuma kwafin farashina, rupiya miliyan tara da dubu ɗari shida, don ka san inda za ka tsaya. Ka fi ni sanin yadda ake waɗannan abubuwa, ba sai na tsawaita wa babba ba. Ranar talatin ga wata ake rufe karɓa.

'Yar ƙanwarka,
Syamsinar

*

Benteng, Selayar, 16 ga Maris, 2004

Sinar,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Innarki lafiyarta ƙalau, bakinta ma haka. Lemo bai yi ba bana, kwakwa kuma farashinta abin kunya ne.

Takardarki ta iso ranar sha biyu. Shekara goma sha ɗaya rabon da wani ya nemi in lissafa masa ko da kuɗin kifi. Na koyar da lissafin kasuwanci shekara ashirin da shida, waɗanda na kayar a jarrabawa su ne yanzu suke wuce ni a mota suna danna oda. Saboda haka ban ɗauki aikinki da wasa ba.

Da farko na je asibitin garin nan da tef, na auna gado. Wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, naka kake aunawa tun yanzu?" Na ce mata in da ta iya awo da ba ta tambaya ba. Gadon gwamnati duk ƙasar nan iri ɗaya ne, mita biyu tsawo, santimita casa'in faɗi. Daga nan na je shagon waya na kira wani tsohon ɗalibina da ke sayar da yadi a babbar kasuwar Makassar, ya ba ni farashin bandir na farin yadi da kore. Na sa zare, na sa ƙugiyoyin labule, na sa ladan ɗinki, na sa haraji, na sa riba ta mutunci. Na bi lissafin sau uku.

Sinar, wa ya yi miki naki? Ya wuce gaskiya da kusan miliyan biyu da rabi. Na duba sama da ƙasa ban ga inda kuɗin ya shige ba. Da kin kai wannan takarda haka, da an yi wa gidanmu dariya. Na gode Allah da kika yi hankalin nuna mini tukuna.

Nawa ya tsaya a miliyan bakwai da dubu ɗari da hamsin. Na buga shi a takardar kamfani, na manna kan sarki na dubu shida, na sa hannu da hatimi, na liƙe ambulan. Takardar gayyata ta ce a aika kai tsaye ga shugaban asibiti, don haka can na aika shi jiya ta wasiƙar rajista. Ke kuma ga lissafin dalla-dalla a shafi huɗu. Ki gyara naki kafin ranar rufewa, ki sauko ƙasa da ni da dubu hamsin, aiki ya zama naki ta hanyar da ba mai cewa uffan. Wannan taki ta gidan waya ta hanyar kullum na aiko ta, kuɗin rajista biyu ya yi wa ɗan fansho yawa.

Kawunki,
Mappiasse

*

Nunukan, 6 ga Afrilu, 2004

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, amma ni kwana shida ban ci abincin kirki ba.

Takardarka ta iso jiya. An buɗe ambulan tun ranar talatin da ɗaya.

Kawu, me ka yi? Wallahi na karanta shafi huɗun nan har sau biyu ban gane ko wasa kake ba. Ni takarda nake jira ta zo hannuna, da sa hannunka da hatimi, farashin ya ɗara nawa da kaɗan, ko ma a bar wurin babu komai Pak Jufri ya cika. Haka kowa yake yi. Mai aiki ɗaya ne, an riga an san shi, sauran takardu biyun ana kawo su ne don fayil ya cika uku. Haji Beddu ya rubuta miliyan goma, shi ma in nasa ya zo ni zan rubuta masa. Na aiko maka farashina don ka hau samansa. Yaya zan buɗe baki in ce wa yayan mahaifiyata ya rubuta abin da ba haka ba? Na ɗauka mai kamfani na shekara da shekaru ba ya bukatar a faɗa masa.

Da ambulan ɗin ya faɗa hannun Pak Jufri ma da ya san yadda zai yi. To an kawo mana sabuwar shugaba daga tsibirin Jawa, Dokta Wulan, yarinya ce, duk wasiƙar da aka rubuta sunan ofishinta ita take ajiyewa a durowarta. Ta tara mu ta buɗe su a gabanmu. Da ta karanta naka, Pak Jufri ya ce, "Dokta, wannan daga wani tsibiri ne can nesa, ƙila bai fahimci kayan ba." Ta ce, "Ya fahimta har ya zana mana gadon. Kai ka taɓa auna shi?" Haji Beddu ya toshe baki da hula. A waje Pak Jufri ya ce mini, "Sinar, na ce ki kawo ɗan rakiya, kin kawo mini damisa."

Kana tambayar ina kuɗin ya shige. Kashi goma na Pak Jufri ne da waɗanda ke sama da shi. Yadi a nan ba farashin Makassar ba ne. Gwamnati kuma ba ta biya sai bayan wata biyar, duk tsawon lokacin Haji Beddu ne zai ba ni yadi bashi, shi ma ba don Allah ba. In ka cire wannan, abin da ya rage mini bai kai abin da ka kira riba ta mutunci ba.

Yanzu aikin naka ne. Ban san abin da zan ce wa matan nan ba.

Syamsinar

*

Benteng, 14 ga Afrilu, 2004

Sinar,

Gaisuwa. Gwiwa ta kumbura saboda ruwan sama. Shiru har yau ban ga amsarki ba, ina fata lafiya.

Wani abu ya faru da ban gane kansa ba. Wasiƙa ta zo daga asibitinku mai tambarin gwamnati, wai kamfanin Farin Alli ne ya yi nasara, in je in sa hannu kafin ashirin ga Mayu. Na ɗauka akawunsu ya juya sunaye. Sau goma sha huɗu na nemi aikin gwamnati a tsibirin nan, alli da allo da kujerun makaranta, ban taɓa ci ko sau ɗaya ba. Yaya zan ci a garin da ban taɓa takawa ba, a kan kayan da ban iya ɗinkawa ba?

Innarki ta karɓi takardar ta juya ta, ta ce, "To maigida, barka. Da wane keken za ka fara? Ko da tef ɗin za ka ɗinka?" Ta je ta faɗa wa maƙwabta. Jiya a masallaci mutum biyu suka kira ni ɗan kwangila.

Ba ki sauke farashinki ba ne? Ko lissafin ne bai shige ki ba? Shafi na uku ne mai ɗan wuya, na sani. Ki je wurin shugabar ki gaya mata an yi kuskure. Ko kuwa ba kuskure ba ne? Ba zan ɓoye miki ba, na sa takardar a cikin littafi don kada ta lanƙwashe.

Kawunki,
Mappiasse

*

Benteng, 23 ga Afrilu, 2004

Sinar,

Muna lafiya. Takardarki ta shida ga wata ta iso shekaranjiya, bayan tawa ta tafi. Ki yi watsi da abin da na ce game da shafi na uku.

Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ba maganarki ce ta fi tsaya mini ba. Sau goma sha huɗun nan ne.

Duk lokacin da aiki ya taso a ofishin ilimi, wani akawu ne yake aiko a kira ni. Ya mutu yanzu, ba zan rubuta sunansa ba. Ya ba ni kujera, ya sa a kawo shayi da ayaba soyayya, ya ce, "Malam, kamfani irin naka muke so, mai tsabtar takardu." In na nuna masa farashina sai ya girgiza kai ya ce gwamnati ba ta yarda da abu mai arha, za a ɗauka kayan banza ne, in ƙara kaza. Sai in ƙara, ina gode masa da ya tona mini asirin ofis. Bayan mako biyu a ce wani ya ɗara ni da ɗan kaɗan. Har lemo na kai masa gida, buhu guda, sau biyu.

Na shiga madafa na faɗa wa Innarki wannan duka kamar wanda ya gano sabon abu. Ko hannunta ba ta ɗaga daga kan kifin ba. Ta ce, "Ai duk kasuwa ta sani. Malam Na-uku suke ce maka." Na ce, "Shekara goma kina ji, ba ki faɗa mini ba?" Ta ce, "Ka sa riga mai guga, ka shafa mai a gashi, ka fita kana fara'a. Ranar ce kaɗai nake ganin haƙoranka. Me zan ce?"

To ga inda na tsaya, in ma tsayuwa ce. Ban yi laifi ba. An nemi farashi, na ba da na gaskiya, likitar nan ta gani ta yarda. Wannan ne karo na farko da aka buɗe takardata a gaban mutane aka karanta abin da na rubuta da kaina. Zan sayar da kwakwar bana in hau jirgi in zo in sa hannu. Ke ki yi ɗinkin, kuɗin duka naki, ko sisi ba na so. Pak Jufri kuwa ba da shi na yi magana ba, ya nemi kasonsa wurin wanda ya yi masa alkawari. Ban ga abin da ya lalace a nan ba. In akwai, ki faɗa mini ƙarara yadda take, ki daina jin kunyata. Kunyar nan ce ta kawo mu nan.

Kawunki,
Mappiasse

*

Nunukan, 3 ga Mayu, 2004

Kawu,

Ina gaisuwa, a gaishe da Inna. Takardunka biyu sun zo rana ɗaya. Labarin akawun nan ya sa ni kuka. Ban sani ba, wallahi.

Ka ce in faɗa yadda take. In ka sa hannu, takardar shaidar za ta fito da sunan Farin Alli, ba da sunan shagona ba. Zan yi ɗinkin wata biyu in tashi ba ni da abin da zan nuna a ƙarshen shekara. Kuma Haji Beddu ya ce ba zai ba da yadi a kan wannan farashin ba, don ya san ba zai fita ba.

Hanya ɗaya ta rage, Pak Jufri ya nuna mini a littafin dokarsu. In wanda ya ci ya janye, aiki yana komawa ga na biyu, wato ni. Amma sai ya rubuta dalili, kuma dalilin da zai sa likitar ta kasa ɗaure ni a kan farashinka shi ne ka ce ka yi kuskure a lissafi. Bayan haka za a rubuta sunan kamfaninka a allon ofishin gunduma cikin waɗanda aka hana aikin gwamnati shekara biyu, a aika kwafi gundumarku. Na je na ga allon. Masu gudu da kuɗin rijiya ne a kai da masu ginin da ya rushe.

Ba zan roƙe ka wannan ba. Sunanka ne. Na riga na yi magana da dillalin da ya kai baban Ulfa Tawau, ya ce ana neman mata masu tsintar 'ya'yan kwakwar manja, zan bi jirgin ruwan ashirin da biyar ga wata. Ulfa za ta zauna wurin kakarta. Mutum biyu sun zo ganin kekunan.

Syamsinar

*

Benteng, 12 ga Mayu, 2004

Sinar,

Lafiya muke. Kada ki sayar da keke ko ɗaya.

Kwana huɗu na yi ina neman kuskure a shafi huɗun nan. Na ce a raina, in dai zan rubuta cewa na yi kuskure, bari in same shi tukuna, kada in sa hatimina a kan ƙarya. Innarki ta ce, "Mutane suna neman inda suka yi daidai, kai kana neman inda ka faɗi." A rana ta uku na same shi. Ban sa kuɗin jirgin da zai ɗauko yadi daga Makassar zuwa wurinku ba. Ni da na koya wa yara shekara ashirin da shida cewa kaya ba ya tafiya da ƙafarsa. Na yi murna kamar an ba ni kyauta, sai na lissafa na ga bai wuce dubu ɗari huɗu ba. Sauran miliyan biyun na neme su har ido ya yi ja, babu su a yadi, babu su a zare.

Don haka abin da na rubuta wa likitar rabinsa gaskiya ne, ko ma kashi ɗaya cikin shida in za a bi ƙa'ida. Na ce kamfanin Farin Alli ya yi kuskure a lissafi, ba zai iya aikin a kan farashin da ya bayar ba, ya janye. Layi uku ne. Sau biyar na buga su, hannuna yana ta ƙara bayani ina yagewa. Ta tafi jiya ta rajista, ga kwafi, ki kai da hannunki in tasu ta makara.

Har yanzu akwai abin da ban gane ba. Da na rubuta lambar ƙarya tun farko, da sunana yana nan fes, kowa ya gode mini. Na rubuta ta gaskiya, zan hau allo tare da ɓarayin rijiya. Ɗaya daga cikin yaran da na kayar yana aiki a ofishin gundumar nan, shi zai buɗe kwafin. Na yi tunanin wannan ma. Na kuma tuna ranar da mahaifiyarki ta kawo ki gidan nan kina shekara shida, kika ɗinke mini aljihun riga gaba ɗaya har hannu ba ya shiga.

In kin je karɓar aikin, ki tsaya a gaban allon ki karanta abin da suka ce na yi, ki rubuto mini kalma da kalma. Kada ki sassauta.

Kawunki,
Mappiasse

*

Nunukan, 29 ga Mayu, 2004

Kawu,

Ina gaisuwa da godiya wadda takarda ba za ta ɗauka ba. Muna lafiya. Jirgin ashirin da biyar ya tafi babu ni.

Takardarka ta iso ranar sha tara, saura kwana ɗaya. Dokta Wulan ta karanta, ta ɗauko lissafinka na farko ta ajiye kusa da ita, ta daɗe tana kallonsu. Ta ce, "Wannan dattijon ne ya yi kuskuren miliyan biyu?" Ta ce doka ta ce aiki na na biyu ne, za ta bi doka, amma ta zabge miliyan ɗaya daga farashina, ta dubi Pak Jufri ta ce ta tabbata za a san inda za a rage. Bai gaishe ni ba tun ranar. Mun sa hannu ranar Litinin da sunan shagona. Zanen gado talatin da ɗaya sun riga sun fita daga keke.

Na je allon kamar yadda ka ce. Kai ne na huɗu, a ƙarƙashin mai rijiya. An rubuta: Farin Alli, Selayar, ya ci kwangila, ya janye, shekara biyu. Babu maganar lissafi.

Ina cikin kwafewa wani ɗan kwangila mai babban ciki ya tsaya kusa da ni yana karantawa da yatsa. Ya ce, "Selayar? Wane ne wannan da ya ci aiki a nan ba tare da ya ga kowa ba? Wa ya tsaya masa?" Na ce babu kowa. Ya ce, "Haba 'yar uwa, ba a haka. Kin san shi ne?"

Na ce masa kawuna ne.

'Yarka,
Syamsinar